Wa Ke Jinyar Goggo? Amsa Daga Zangon Kumasi

Ƙanwata, salamu alaikum. Ina fata kun sauka Kano lafiya, gajiyar biki da ta mota ta sake ku. Ki gaishe min da Baba da su Inna, ki ce musu amarya ta tare lafiya.

Saƙonki ya same ni daren Laraba, sau uku na saurare shi. Na ji yadda muryarki ta yi rawa a inda kika ce, "Yaya, don Allah ina 'ya'yan Goggo, har 'yan haya ne ke yi mata wanka?" Ban amsa nan take ba, don tambayar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu. Kuma wallahi ban ji haushinki ba. Abin da idonki ya gani haka yake. Tsohuwa ce mai shekara 86, ta haifi biyar, huɗu na raye, babu ko ɗaya a Kumasi. Mai cuɗa mata baya 'yar ƙabilar Moshi ce, mai kawo mata koko da ƙosai da sassafe kuma 'yar Dagomba. A idon mutumin Kano wannan abin a rufe fuska ne. Amma kwana shida kika yi a unguwarmu ta Aboabo, ni kuwa shekara 59 ke nan ina cikinta. Ki ba ni aron kunnenki.

Kakanki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, kin sani. Naki ya zauna a gidan gado, ya noma gonar ubansa, ya binne iyayensa da hannunsa. Nawa ya bi goro. Lokacin da ya taso, Salaga, garin cinikin goro a arewacin Gana, ta riga ta mutu a matsayin kasuwa, tun yaƙin basasar 1892 da ya watsa fatake zuwa Kete Karachi da Yeji da sauran garuruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Legas, don haka nan ya nufo, a zamanin da Malam Sallau ke Sarkin Zango. Ya iso ba uwa ba uba, ba wa ba ƙane. Wani Bakatsine mai masauki ne ya sauke shi, ya ba shi ɗaki a zaure, ya tsaya masa a wajen masu goro, daga baya ya nema masa aure ya zama waliyyinsa. Da tsufa ya kama Bakatsinen, 'ya'yansa na cikinsa sun bazu fatauci, kakana ne ya riƙa ɗaga shi yana kwantarwa, shi ya yi masa wankan gawa. Goggo ta gani da idonta tana yarinya, kuma har kwanan baya tana ba da labarin.

Duk Zango haka aka kafa shi. Mutane ne da suka baro iyayensu a Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Zabarma da ƙasar Moshi, suka taru a ƙasar Asante inda ba su da ko taku ɗaya na gona. Wanda ba shi da dangi dole ya yi wa kansa dangi. Wanda ya sauke ka shi ne ubanka, matarsa uwarka, kuma bashin da ke kanka ba na kuɗin ɗaki ba ne. Ku ma a Kano kuna ɗauke da shaidar wannan a bakinku kullum ba ku lura ba. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, bayan rasuwar mahaifinsa uwarsa ta taho Akara, wadda kakanninmu ke kira Ankara, ta bar shi a hannun wata tsohuwa da ake ce wa Tata. Sunan wadda ta rene shi ne ya bi zuri'ar har yau. Hanyar goro ta daɗe tana raba uwa da ɗa, kuma ta daɗe tana sa wani ya riƙe na wani.

Yanzu ga matar da kika gani da soso a hannu. A 1983 ta zo gidan, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da yunwa ta kai mutane ga cin abin da ba a ci. Tana da shekara 17, ta gangaro daga arewa, tana kwana a tashar mota. Goggo ta ɗauko ta, ta koya mata dafa wake da shinkafa irin namu mai karan dawa, wanda duk Gana ke kira wace. Ita ta aurar da ita, ita ta yi mata kayan ɗaki, ita ta yi mata wankan jego sau huɗu. Ɗakin da take ciki, rabon da a karɓi ko sidi ɗaya a kansa an fi shekara 20. Idan kika ce mata 'yar haya a gabanta, kuka za ta yi. "Mma" take kiran Goggo, kuma ranar da aka zo neman auren 'yarta ta fari, gaban Goggo aka ajiye goron.

Akwai wani abu kuma da ba zai zo miki a rai ba, saboda a wajenku tsoho yana da ƙasa. Ko ya daina noma, gonar tasa ce, 'ya'ya na zagaye da shi suna jiran umarninsa, ga rumbu ga dabbobi. Mu ƙasar Kumasi ta kujerar Asantehene ce, wato sarkin Asante, aro ake ba mu na shekaru. Abin da tsohon Zango ya mallaka shi ne ɗakuna. Gidan Goggo ɗaki 14 ne kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, madafa ɗaya. Ɗakunan nan su ne gonarta, su ne fanshonta. Wasu tana karɓar haya, wasu ta bar wa mutanen da ta san za su tashi idan ta yi tari da dare. Da hankalinta ta tsara haka tun tana da ƙarfi, ta zaɓi wanda zai zauna kusa da ƙofarta. Tsofaffin matan Zango sun iya wannan lissafin fiye da yadda 'ya'yansu ke zato.

Gwamnati tana taɓukawa, ba zan ce ba ta yi ba. Ma'aikaci yana ritaya a shekara 60, ni ma baɗi zan ajiye alli in fara karɓar fansho daga SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata. Amma mutum nawa ne a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango suka yi aikin albashi? Mahauta ne da teloli da direbobi da 'yan goro da masu tuwo, ba wanda ya taɓa yanke musu ko kwabo don tsufa. Inshorar lafiya ta ƙasa, da aka kafa dokarta a 2003, ta yafe wa wanda ya kai 70 kuɗin shekara, kuma katin yana amfani sosai wajen ganin likita, sai dai sau da yawa maganin da aka rubuta a kanti ake sayensa. Akwai kuma tallafin LEAP tun 2008, da ake ba tsofaffi marasa galihu daga shekara 65, duk wata biyu. Yana sayen gawayi da sabulu. Ba ya juya mutum a kan katifa.

To, 'ya'yan fa? Nan ne kika fi jin zafi, kuma nan ne nake so ki yi musu adalci.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Ina da shekara uku, ban tuna ba, amma na tashi cikin tabonsa. Mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka rage sun koyi cewa gida ma ana iya raba ka da shi cikin kwana 14. Sai ga 1983, Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, cikinsu har da samarin Zango masu sunan Hausa da harshen Hausa, babban ɗan Goggo na ciki. A nan a ce maka baƙo, a can a ce maka baƙo. Yaron da ya ga haka bai ga dalilin tsayawa ba. Babban ya bi ta Libiya ya shiga Italiya, ya sami takarda a afuwar da aka yi wa baƙi a 1990, ya shekara 30 yana gaban wutar narka ƙarfe a Brescia. Na biyun yana Hamburg ta Jamus, garin da sunansa ya ba mu kalmar boga da muke kiran duk wanda ya dawo daga Turai. Ta ukun ta ci cacar biza ta tafi Amurka. Autar tana aure a Nima, cikin Akara, ita ce mai zuwa duk wata. Goggo da kanta ta sayar da zinarenta ta yi wa na biyun kuɗin jirgi. Ba gudunta suka yi ba, ita ta tura su.

Kin san aikin da ta Amurka ke yi? Jinyar tsofaffi. A Bronx take, cikin birnin New York, inda mutanenmu suka yi yawa har suna da masallacinsu na 'Yanƙasa. Da asuba take fita ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa gidan wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da ita ba, ta yi mata wanka, ta canza mata ƙunzugu, ta ba ta abinci a baki, ta ƙirga mata ƙwayoyin magani. Matan Zango da yawa a can aikinsu ke nan. Ta taɓa ce min a waya, "Yaya, duk sanda na ɗaga ƙafar matar nan zan sa mata safa, ƙafar Mma nake gani." Da kuɗin wannan aikin ake sayen maganin hawan jinin Goggo, da shi aka sa mata tayil da abin dafawa a banɗaki, da shi ake biyan makarantar jikokin matar da ke yi mata wanka. Kuɗin yana shigowa ta MoMo, asusun kuɗi na waya, a wayata, ni ke rabawa, ina da littafi.

Ba a banza ƙasashen nan ke neman hannuwanmu ba. Duniya ce ke tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Tun 2018 masu shekara 65 zuwa sama suka fi yara 'yan ƙasa da biyar yawa a doron ƙasa, abin da bai taɓa faruwa ba. A Italiya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya kai 65, jariran da aka haifa a 2022 kuma ba su kai dubu 400 ba a ƙasar mai mutum kusan miliyan 59. Yaya na Brescia ya ce a benen da yake zaune, in an ji kukan jariri to ɗakin baƙi ne. Tsofaffinsu mata ne daga Romaniya da Yukuren suka fi kula da su, waɗanda su ma sun baro nasu iyayen a hannun wasu. Na daɗe ina tunanin wannan sarƙar. Kowace tana wanke uwar wata, tana aika kuɗi a wanke tata. A ƙarshen sarƙar akwai wata mace da ba ta da inda za ta aika, ita ce ke riƙe da soso a tsakar gidan Goggo.

Kada ki ɗauka ina yi wa abin ado. Akwai wuraren da yake yoyo, kuma suna hana ni barci.

Bara da damina Goggo ta tashi cikin dare za ta kama ruwa, santsi ya kwashe ta. Ruwan sama na dukan kwano, ba wanda ya ji kiranta. Tana nan kwance a ƙasa har aka kira assalatu. Gidana bai fi tafiyar minti goma ba, kuma a daren na yi niyyar kwana wajenta na fasa. Tun ranar ba ta ƙara kwana ita kaɗai ba, mun raba dararen tsakaninmu mu huɗu. Amma na san da a ce 'yarta na kwance a gefenta da hakan bai faru ba, kuma 'yar ma ta sani.

Sannan ita mai yi mata wankan sa'ata ce, gwiwoyinta sun fara ciwo. Wa zai yi mata? Nata 'ya'yan biyu sun riga sun tafi, ɗaya Katar ɗaya Akara. 'Yan hayan yanzu kuwa wani iri ne. Mai gida ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ko da yake doka wata shida ta ce, yaro ya biya da gumi, ya sa ƙofar ƙarfe, yana son ɗaki mai banɗaki a ciki don kada ya haɗa layi da kowa. Ba na ganin laifinsa. Wanda aka tatsa haka ba zai ji ana binsa wani bashi na daban ba. Haihuwa ma ta ja baya. A 1988 macen Gana tana haihuwar sama da shida a matsakaici, a 2022 abin ya sauko ƙasa da huɗu. Ni uku na haifa. Ƙidayar 2021 ta sami masu shekara 60 zuwa sama kusan miliyan 2 cikin mutum miliyan 30.8, alhali a 1960 dubu 200 da 'yan kai ne. Tsofaffi na ƙaruwa, hannuwan da ke tsakar gida na raguwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruɗewa. Kin lura Goggo ta tambaye ki sunanki sau uku a zama ɗaya. Wani lokaci da la'asar takan ɗaure ɗankwali ta ce za ta kai wa babanta abinci kasuwa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likita ya yi mana bayani. Amma tsohuwar da ta fita tsakar dare tana sambatu a inda ba a san ta ba, kin san sunan da ake ba ta. A Yulin 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba, kusa da Salagar kakanninmu, da rana tsaka, mutane na kallo, wai mayya ce. Har yau akwai tsofaffin mata da ke zaman gudun hijira a Gambaga saboda wannan ƙazafin. Abin da ke kare Goggo shi ne duk layin sun san ta. Mai shayi ya san ta, yaran da ke zaman shan shayin ataya a bakin titi sun san ta, in ta fito su ke riƙo hannunta su dawo da ita suna "Kaka, muje gida." Mutane na zagin yaran nan da zaman banza, ni kuwa ina yi musu addu'a.

Tsakanin manya da yara akwai saɓani, ba zan ɓoye miki ba, kuma ya fi fitowa a kan mutuwa. Goggo 'yar Tijjaniyya ce, ta yi wasiyya tun da sauran hankalinta a yi mata addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, a dafa abinci a raba, matan ƙungiyarta su zo da yayinsu, abin da kuke kira anko. Jikanta da ya yi karatu wajen malaman Ahlussunna ya ce bidi'a ce, ba zai sa kuɗinsa ba. Ba ya tsugunawa in zai gaishe ta, sai dai ya zauna kusa da ita ya riƙe hannunta. Da farko abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Amma shi ne mai ɗaukarta a baya zuwa mota duk ranar asibiti, kuma ita da bakinta ta ce a ƙyale shi. Jikokin waje kuma wata damuwar ce. Ranar Lahadi ake kiran bidiyo, a miƙa wa yaro waya, ya ce "Kaka, sannu," shi ke nan Hausarsa ta ƙare. Sai su yi ta kallon juna suna murmushi. In an kashe wayar takan yi shiru na tsawon lokaci.

Duk da haka girman tsufa bai faɗi a Zango ba. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, jininmu ne, an haife shi a 1919. Da ya cika 100 a 2019 ya je cocin Katolika na Christ the King a Akara ya zauna aka yi masa murna, ƙasa duka ta ɗauka. Rikici kan tashi tsakanin matasa da 'yan sanda, ko tsakanin Zango da masu gari, a rasa mai kashe wutar, sai an ji daga bakin dattijon da muryarsa da ƙyar take fita. Yaran da ba sa jin maganar kowa suna jin tasa.

Waɗanda nake tausayi yanzu su ne bogogin farko, don su ma tsufa ya cim musu. Yaya na Brescia ya kusa 67, shekarun fansho a can. Ya gina gida mai hawa biyu a bayan Asokore Mampong, shekara 11 yana aiko da kuɗin bulo, yau ƙadangaru ne a ciki da mai gadi. Kullum cewa yake baɗi zai dawo. Amma ƙirjinsa ya sha hayaƙin ƙarfe, likitansa na can, 'ya'yansa Italiyanci suke mafarki da shi. Ya ce min abu biyu yake tsoro, kada a kai shi gidan tsofaffi inda ba mai lanƙwasa masa kalmar shahada, kuma kada Mma ta rasu yana cikin jirgi. Mu ba ma ajiye gawa watanni a firji kamar yadda maƙwabtanmu Asante ke yi har dangi su taru. Wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi. Duk ɗan Zangon da ke waje ya san ba zai ga fuskar uwarsa ta ƙarshe ba, da wannan yake kwana yake tashi.

Na ji ki a biki kina cewa yayyenki biyu suna Abuja, ɗaya na Jidda, kuma ke kaɗai ke leƙa Inna kullum. Ban ce komai ba a lokacin. Ki duba wa ke zaune kusa da ƙofarta, ki kyautata masa tun yanzu.

Ga roƙona. Goggo ba ta taɓa taka Kano ba, amma tun da ruɗewar nan ta fara, sunayen da babanta ke faɗa ne suka dawo mata. Jiya ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, ko Dala na nan. Ta ji daɗin Hausarki, ta ce irin ta Baba ce, mai bambance "ya zo" da "ta zo", ba irin tamu ba. In kin sami sarari ki je Ƙofar Mata ki ɗauko mata bidiyon karofin, ki yi magana a hankali, ki kira ta da Goggo, ki faɗi sunan kakanki da na kakana. Ki turo kafin Juma'a in da hali, daren nawa ne a wajenta, da safe kuma ta fi gane mutane.